Taƙaitawa: kai tatsuniya makarantu

Ga abin da na tattaro daga maganganunku kan yadda za a riƙa yi wa ɗalibai tatsuniya a makarantu:

1. Kusan kowa ya yarda a buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", a jira yara su amsa "Ta zo mu ji ta". In akwai waƙa a ciki, su yi amshi.

2. 'Yan firamare a ba su Gizo da Ƙoƙi, gajeru.

3. A kan Bayajidda aka rabu. Wasu sun ce tarihi ne, tunda rijiyar Kusugu tana nan a Daura. Wasu suka ce a gaya wa ɗalibai labarin baka ne, su yi muhawara. Ni ma nan na fi karkata.

4. Camfin hana tatsuniya da rana bai dami yawancinmu ba.

5. A gayyato tsofaffin unguwa, kuma a sallame su da kyau.