Iskar da ta yaye mana kwano jiya, wai ita ce tonado?

Ɗan_Rikkos:
Salam jama'a. Jiya bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, kafin ruwa ya sauko iska ta yaye kwanon gidaje a layinmu har fol ɗin wuta ya kwanta. Ƙanena ya dage wai tonado ce irin ta Amurka da yake gani a TikTok, ni kuma ban ga komai yana juyawa ba. Duk hadari mai ƙarfi ne ke haifar da ita ko yaya?

Maman_Hanifa:
Allah ya mayar da alheri. Mu a Bukuru ƙanƙara muka sha. Ai guguwa ce kawai ɗana, muna yara ake hana mu shiga cikinta wai akwai aljanu.

Malam_Jogurafi:
Amin Hajiya, amma waccan ta rani daban take, zafin ƙasa ne ke tada ta da rana tsaka ko gajimare babu, ta kwashi leda da ƙura ta mutu. Tonado kuwa sai da hadari, kuma ba kowane ba, tonado masu ƙarfi sai hadarin da shi kansa yake juyawa a sama ke haifar da su, wato iskar ƙasa na bin wata hanya ta sama na bin wata da gudu daban, wannan ke sa iskar tsakaninsu ta riƙa juyawa a kwance, sai iska mai ɗumi da ke hawa ta miƙar da wannan juyin tsaye, ya zuro kamar mazurari har ya taɓa ƙasa. Amurka na samun sama da 1,000 a shekara saboda iska mai danshi daga tekun Meziko tana karo da busasshiya mai sanyi a filayen Oklahoma da Kansas. Ta garin Joplin na Amurka a Mayun 2011 ta kashe mutum sama da 150, ta Bangaladesh a 1989 kusan 1,300.

Naku na jiya ina kyautata zaton iskar gaban hadari ce, wadda muka saba da ita Afrilu da Mayu. Ruwa ne ke janyo iska mai sanyi ƙasa ta daki ƙasa ta bazu a guje, shi ya sa kake jin sanyi da ƙura kafin ɗigon farko. Ka fita ka duba, in kwano da bishiyoyi duk sun kwanta gefe guda to ita ce, tonado murɗe abu take ta watsa shi ko'ina.

Ɗan_Rikkos:
Wallahi Malam duk yamma suka kwanta. To wadda ake sa wa sunan mutane fa, irin Katrina?

Malam_Jogurafi:
Waccan a teku take tashi, faɗinta ɗaruruwan kilomita kuma tana kwanaki, tonado yawanci mintuna ce. In ta hau tudu ma tana iya haifar da tonado da yawa.

Kafinta_Gangare:
Ko me sunanta dai ku daina yarda a buga muku rafta ba a ɗaure ta da rodi ko waya a jikin bulo ba. Yawancin rufin da nake gyarawa gaba ɗaya ya tashi da katakonsa.