Musayar waƙa a kan Harry Dean Stanton, ɗan wasan gefe

Mai Kamara:
Sallama gare ku, ma'abota kallo,
Harry Dean Stanton na ɗora a allo,
Kun san fuskar, sunan ne sai kun tambayo,
Wa zai faɗa mana sirrin daɗewa?

A 1926 Kentaki ta haife shi,
Sojan ruwa ya yi, girki ne aikinshi,
Yaƙin Okinawa a jirgi ya riske shi,
Pasadena ta koyar da shi wasa bayan dawowa.

Ɗan Lokeshin:
Yaya, a talabijin ya goge da kaboyi,
Gunsmoke da Rawhide, can ya yi koyi,
Rol ɗin kwana biyu ne, da sauri ake yi,
Mai mance layinsa ba a sake gayyatowa.

Tef ake mannawa a ƙasa, nan ne iyaka,
Ka taka shi daidai ba ka duba ƙafarka,
Taku ɗaya ka wuce, dishi-dishi fuskarka,
Ko inuwarka ta rufe jarumi, sai sakewa.

Hajiya Edita:
Ƙanena, ka tsallake batun sigari,
Stanton mai shan sigari ne, kuma nan akwai hatsari:
A ɗaukar nesa karan dogo ne tun fari,
A ta kusa ya ƙone, ina hanyar haɗawa?

Hannun da ka ɗau kofi da shi da farko,
Shi za ka maimaita ko sau goma aka ɗauko,
In ka sauya, edita ya faɗa tarko,
Fitowar ɗan gefe ita ake zubarwa.

Malam Darakta:
Hajiya, a Alien na 1979 ya fito bakanike,
Brett mai hula, kalma ɗaya ya riƙe,
Ya bi kyanwa, ya ɗaga kai, fuskarsa ta jiƙe,
Dodo a bayansa yana ta saukowa.

Da ya zare ido tun kafin lokaci,
Da tsoron ya zube, fitowar ta ɓaci,
Kamarar kusa ba ta yafe ha'inci,
Ƙiftawar ido ma tana nunawa.

Mai Kamara:
A 1984, Malam, ya zama jarumi,
Paris, Texas na Wim Wenders, hamada da gumi,
Jar hula, minti ashirin ba magana sai tagumi,
Ya doshi sittin, babbar kyautar Palme d'Or fim ɗin ke lashewa.

A ƙarshe gilashi ne tsakaninsa da mata,
Ta waya yake magana, ya juya baya gare ta,
Kalaman marubuci Sam Shepard a hankali ya furta,
Jaruma Nastassja Kinski na ji, hawaye na zubowa.

Hajiya Edita:
Alhaji, bayan nan ai gefe ya koma,
Uba a Pretty in Pink, fursuna a The Green Mile ma,
Masu kuɗi na ganin ramammiyar fuska ba ta cika sinima,
Rol ɗin gajiyayye suke ta miƙowa.

Ɗan Lokeshin:
Anti, Twin Peaks ta David Lynch ba ta bar shi ba,
Lucky na 2017 ya sake sa shi a gaba,
Yana da 91 ya mutu, 15 ga Satumba,
Mako biyu kafin sinimu su fara haskawa.