Wai dole ne sai an ji To Pimp a Butterfly a jere kafin a gane shi?

Ɗan_Fagge:
Salam jama'a. Don Allah masu bin gambarar Amurka ku taimaka min. Kullum in ana gardamar wane albam ne ya fi, sai an kawo To Pimp a Butterfly na Kendrick Lamar, wai labari ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe kan zaluncin da ake wa baƙar fata. Ni dai na sauke shi a waya, Alright da King Kunta sun shige ni, sauran kuwa wlh wasu ko kiɗan ban gane ba, busa ce kawai da surutu da ihu, sai in tsallake. Ina labarin yake ne? Ko dai zuzutawa ce irin ta 'yan boko?

Baban_Ummi:
Malam matsalarka tsallaken nan ne. Waƙa 16 ce, kusan minti 80, kuma jerin ba na ganin dama ba ne. Ka lura a ƙarshen King Kunta ya fara karanto wasu baituka ba kiɗa, sai ya katse, can gaba ya dawo ya maimaita daga farko ya ƙara kaɗan, haka yake ta yi har waƙar ƙarshe Mortal Man, a nan ne za ka ji su cikakku kuma ka gane ashe Tupac yake karanta wa. Tupac ɗin da aka harbe a Las Vegas tun 1996, tsohuwar hirar da ya yi da wani ɗan jaridar Suwidin a 1994 suka yanko suka jera kamar su biyun suna zaune suna hira. In wayarka na cakuɗa waƙoƙin ai ba yadda za a yi ka kama wannan zaren.

Labarin a taƙaice, yaro ne ɗan Compton, wani gari kusa da Los Angeles, ya samu kuɗi da suna dare ɗaya. Waƙar farko Wesley's Theory gwamnatin Amurka ce a siffar Uncle Sam take lallaɓa shi, sayi gida sayi mota kar ka damu, alhali haraji na jiransa a gaba, sunan ma daga Wesley Snipes ne jarumin fim ɗin nan da aka ɗaure kan haraji. Can kuma ga Lucy, wato Iblis, ita ma da nata tayin. Amma inda nake so ka koma ka zauna shi ne waƙa ta shida, u. Wannan ihun da ka ce kana tsallakewa, shi ne mutum shi kaɗai a ɗakin otal a buge, kana jin ƙarar kwalba, yana zagin kansa don abokinsa da aka harba yana kwance asibiti bai je ba sai kiran bidiyo ya yi masa har yaron ya cika. Ana gama wannan sai Alright ta shigo. To ka ga wanda ya ji Alright ita kaɗai zai ɗauka waƙar rawa ce, wanda ya biyo ta u kuwa ya san mutum ne da ya kusa kashe kansa yake lallashin zuciyarsa. Kiɗan da ka ce ba ka gane ba kuma jazz ne da funk, da hannu aka kaɗa, su Thundercat da Kamasi Washington da Terrace Martin, har George Clinton yana ciki. Sai kunne ya saba.

Hajjo_KD:
Baban Ummi ka yi bayani amma ni fa akwai inda ban yarda da Kendrick ba. Albam ɗin ya fito Maris 2015, watanni kaɗan bayan ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata, Michael Brown, a garin Ferguson a Agusta 2014, gari na ci da wuta, sai ga shi a The Blacker the Berry ya kwashe baiti biyu da rabi yana ragargazar wariyar launin fata kamar zai fasa sifika, a ƙarshe ya juyo ya kira kansa munafuki wai don me zai yi kukan Trayvon Martin, wani yaro baƙar fata da aka harbe, alhali rikicin daba na sa baƙi su kashe baƙi. Haba. Wannan ai ita ce hujjar da masu kare 'yan sanda suke kawowa kullum. Ɗan daba in ya yi kisa ɗaure shi ake, ɗan sandan Ferguson ko gurfanar da shi ba a yi ba, ina haɗin? Kuma a hirarsa da mujallar Billboard farkon shekarar ya faɗi magana mai kama da haka, cewa sai sun mutunta kansu kafin a mutunta su, mawaƙiya Azealia Banks ta wanke shi tas a Twitter, kuma ni ina bayanta a wannan.

Baban_Ummi:
Hajiya ai kansa ya nuna da yatsa ba mutanen Ferguson ba. Mutumin nan a tsakiyar 'yan dabar Piru da Crips ya tashi, masu ja da masu shuɗi, ya binne abokai. Wanda ya girma a unguwar da 'yan daba ke sara a Kano ko Kalare a Gombe ya san haushin hukuma da haushin yaran layinku duk a ƙirji ɗaya suke zama, ba ka iya ajiye ɗaya. Kuma duba bangon albam ɗin, samarin unguwa ne tsirara rabi riƙe da kuɗi da kwalabe a gaban White House, ga alƙali kwance a ƙasa da gudumarsa. Wannan bai yi kama da mai wanke gwamnati ba. Masu zanga-zangar ma ai Alright suka riƙa rerawa, a Cleveland a Yulin 2015 bayan 'yan sanda sun fesa musu barkonon tsohuwa.

Hajjo_KD:
Sun rera Alright, ba su rera waccan ba hhhh. Ni dai ban canza ba, wurin nan ya kwafsa.

Sadauki_227:
Ni wadda ta tsaya min ita ce How Much a Dollar Cost, wadda Obama ya ce ita ce waƙar da ya fi so a 2015. Kendrick ya je Afirka ta Kudu a 2014 har ɗakin da aka tsare Mandela a tsibirin Robben, to a waƙar yana gidan mai a can wani mabaraci ya roƙe shi abin da bai fi dala ɗaya ba, ya hana, yana ta ƙunƙuni a ransa wai ɗan ƙwaya ne, ni da guminna na samu, mutumin kuma ya kafe shi da ido ya ƙi tafiya. Ƙarshe wai ashe Ubangiji ne. A matsayinmu na Musulmi wannan siffantawar kam ba mu tare da ita, wa'iyazubillah, shi Kirista ne da fahimtarsa, amma ta tuna min hadisin nan na Muslim da Allah zai ce ɗan Adam na nemi ka ciyar da ni ba ka ciyar da ni ba. Abin da ya burge ni duk albam ɗin yana kukan an zalunce su, sai a nan aka ba shi dama a kan wanda ya fi shi rauni, shi ma ya taka shi.

Shawara Ɗan Fagge, tunda ka ce labari kake nema fara da good kid, m.A.A.d city na 2012, shi labarinsa a miƙe yake, yini ɗaya a Compton, ya ari motar mamarsa tana ta bar masa saƙon murya ya dawo da ita, har aka kashe abokinsu. Ya fi sauƙin bi nesa ba kusa ba. Sai dai duka biyun akwai ashar sosai, kar ka kunna a falo gaban su Hajiya.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai. Ashe abin cakuɗa waƙoƙin nan a kunne yake a wayata tun da na sauke, yanzu na kashe shi. Amma Turancinsu na unguwa yana ba ni wuya fa, rabi nake tsinta, akwai inda ake samun baitukan a rubuce da bayani?

Sadauki_227:
Shiga shafin Genius ka rubuta sunan albam ɗin, kowane layi in ka taɓa shi bayani zai fito. Ba ya cin data sosai.