Tsuntsayen kaka a bakin ruwayen Sakkwato: me kuka gani bana?

Ɗan Kware: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shamuwa ta tafi, ruwan fadama ya fara ja, sanyin asuba ya shigo. Yanzu ne baƙin tsuntsaye ke sauka wajenmu bayan sun ƙetaro Sahara daga Turai, kuma suna nan har wajen Maris ko Afrilu. Duk wanda ya leƙa bakin ruwa, ya ba mu labari. Ni a Tafkin Kware kirinjijiya na fi gani, ita kam 'yar gida ce. Tun kafin gari ya waye za ka ji fitonta a sama, sai haske ya fito ka ga farar fuskar. Amma a cikinsu akwai wasu ƙananan agwagi masu ruwan ƙasa, ba hayaniya, su ne baƙin. Yanzu namiji da mace kusan kama ɗaya suke. Sai an doshi tafiya namijin ke fito da farin zane a saman ido.

Malama daga Runjin Sambo: Wa alaikumus salam Yaya. Na kai ɗalibaina gadar Kwalkwalawa, hanyar jami'a, da madubin hangen nesa guda ɗaya muna karɓa-karɓa. Zakaran ƙeƙuwa ya hana mu sakat, da ya hango mu ya dinga kwarmato har sai da ya tashi duk sauran tsuntsayen. Da muka zauna shiru suka dawo. Wata yarinya ta ƙura wa zalɓe ido, ya tsaya cak, wuya a lanƙwashe, sai caraf ya cafko kifi, ya juya shi ta kai kafin ya haɗiye. Ita ta lura da juyawar, ta tambaye ni dalili. Saboda ƙayar kifin ce, kada ta tokare masa maƙogwaro.

Tsohon ma'aikaci: Na yi zaman Legas, nakan je bakin ruwa wajen Lekki a irin wannan lokaci. Can teku ke tsara komai: in ruwa ya janye, tsuntsaye su bazu kan laka suna tsince-tsince, in ya dawo su taru wuri guda. Mu nan ba mu da wannan, amma jan ruwan Rima bayan damina shi ma yana barin laka. Ɗan tsuntsun nan mai kaɗa gindi sama da ƙasa yana bin gaɓa, wanda na saba gani can, wallahi irinsa na gani ƙasan Dam ɗin Goronyo.

Manomi daga Wurno: Malamai, ku kuna kallo, mu muna kora. Bana jan-baki sunka sauka ga shinkafarmu tana nono, tun asuba yara na bisa rumfa da gwangwani da majajjawa hat magariba. Balbela da zalɓe ba ruwanmu da su, balbela ma fara taka ci muna.

Ɗan Kware: Gaskiyarka Baffa, Allah Ya mayar da alheri. Ba mai raina wahalarku. Abin da ke damuna shi ne guba da wasu ke barbaɗawa a tsaba, da ragar da ake kafawa a bakin ruwa a bar ta kwana. Ba jan-baki kaɗai suke kashewa ba. Ni rabona da in ga gauraka a fadamarmu tun ina yaro.

Manomi daga Wurno: Wagga magana haka take. Mu ma munka hana yaranmu guba, don awaki na kiwo nan.

Malama daga Runjin Sambo: Baffa, in mun zo Wurno ranar Asabar, akwai inda za mu tsaya ba tare da mun taka muku shuka ba?

Manomi daga Wurno: Ku taho ɗiyata, ku biyo ta hanyar Lugu. Ku dai yi sammako, kuma ku zo da takalmin da ba ku tsoron ya ɓaci.