Shawarwari kan tunawa da Farfesa Stanley Surrey

Da aka tattauna a kan yadda ya dace a riƙa tunawa da Stanley Surrey, malamin shari'a a Jami'ar Harvard wanda ya rasu a 1984, shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara koya wa ɗalibai ra'ayin da ya gabatar a 1967, lokacin da yake mataimakin sakataren baitulmalin Amurka mai kula da manufofin haraji. Ya nuna cewa duk rangwamen harajin da gwamnati ta yi wa wani rukuni tamkar kuɗi ne ta ɗebo ta kashe, don haka wajibi ne a lissafa shi a fili. Dokar kasafin kuɗin Amurka ta 1974 ta wajabta hakan, kuma a ganina wannan ne babban abin da ya bari.

Wasu sun ce kada a manta da aikinsa a tawagar Shoup, wato ayarin masana daga Amurka ƙarƙashin jagorancin Carl Shoup, da ta ba da shawarwarin sake fasalin harajin Japan a 1949. An kuma nemi malamai su riƙa kawo hujjojin masu sukarsa, waɗanda ke cewa babu tsayayyen ma'aunin da za a gane rangwame da shi.