Ina rubuta wa 'yata labarin yarinyar da ta ɓace a hanyar hajji, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Jidda nake aure. 'Yata shekararta 10, Hausa na bakinta amma Larabci kaɗai take iya karantawa, kuma duk littafin kasada da ta kawo gida, jarumin namiji ne. Shi ne na fara rubuta mata nawa: yarinya ta taso daga Kano cikin ayarin alhazan ƙasa, ta rabu da iyayenta bayan Alfashir a ƙasar Sudan, ta kai kanta Sawakin, tashar jirgin ruwa a bakin Bahar Maliya, da dabararta. Abu biyu suka tsaya min. Yayata ta ce zan koya wa yarinya taurin kai. Sannan boko zan yi ko ajami?

Hajiya, daga Makka:
'Yar nan, Allah ya yi albarka. Amma kada ki sa ta ƙetare daji ita kaɗai, yara ma ba za su yarda ba. Kakata ta taka hanyar nan da ƙafarta, kuma ba a miƙe ake tafiya ba. Guzuri ya ƙare, a yada zango a yi ƙodago, wani wurin a shekara, wani a haihu. Da yawa tsinkar auduga suka yi a gonakin Jazira da ke Sudan, bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. To ki ba ta sana'a. Ta iya suyar ƙosai, ta iya ɗinke salka idan ta huje, ta tsinci Larabci a kasuwa. Ayarin da salkarsa ke yoyo da kansa zai roƙe ta ta bi shi.

Wani ɗan uwa, daga Madina:
Yaya, don Allah ki bi da ita ta garinmu Maiwurno, a bakin Shuɗin Nilu. Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kafa shi, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da Turawa suka kashe a Burmi a 1903. Ta shigo a galabaice, sai ta ji wata tana kiran ɗanta da Hausa. Ni a nan zan yi hawaye.

Malama, daga Jidda:
Batun taurin kai, ki tuna wa yayarki jajis ɗin Nana Asma'u, matan da suke taka ƙauyuka suna karantar da mata 'yan uwansu. Yarinyarki ba gudu ta yi daga gida ba, iyayenta take nema. Rubutu kuwa, ajami zai fi mata sauƙi tunda ta san baƙaƙen, sai dai ki cika wasali. Ni dai boko na fi so, don 'ya'yan dangi a Kano su karanta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Zan yi da boko, in riƙa karanta mata da dare tana bin layi da yatsa. Hajiya, da me ake ɗinke salkar? Ina so babi na uku ya fito daidai.