Taƙaitawa kan ƙaramar bindigar jami'an tsaro

Jama'a, ga abin da na tattaro daga muhawarar da munka yi kan wace ƙaramar bindiga ta fi dacewa da jami'an tsaro:

1. Mafi yawa sun tsaya kan Glock 17 da 19 na Ostiriya, wai saukin gyara da shara, ƙurar Maradi ba ta cika hana ta aiki ba, ni ma nan na karkata.
2. Harsashi kam 9mm (mai kaurin milimita tara), babu gardama, FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ma ta komo gare shi, ta ɗauki Glock a 2016.
3. 'Yan sanda da jandarmomin Faransa bindiga ƙirar SIG SP 2022 suke riƙewa.
4. Inda aka rabu: SIG P320 da sojan Amurka sunka zaɓa a 2017, wasu na yabo, wasu na tsoron ƙorafin tana tashi ba a taɓa kunama ba.
5. Tsofaffin ma'aikata sun ce a fara duba horo da kayan gyara kafin saye.